Wa Ke Riƙe Da Goyo Sa'ad Da Maigida Ke Fili?

A da, duk Asabar da Lahadi, da an sallame sallar asuba, nakan dawo gida in zura gajeren wando a ƙarƙashin jallabiya, in rataya takalmin ƙwallo a wuyan babur, in nufi fili. Mun kai mutum 20, kuma dukkanmu magidanta ne: akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwar Kwari, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai gyaran waya, akwai direban babbar mota da ba ma ganinsa sai ya dawo daga Legas. Ƙaraminmu ya haura shekara 30, babbanmu kuwa furfura ta gama cinye masa gemu. Babu mai mafarkin zuwa Turai a cikinmu. Muna bugawa ne don tumbi ya sauka, gumi ya fita, mu yi gardama a kan fenaritin da babu alƙalin da zai yanke, sannan mu zarce teburin mai shayi mu ci gaba da gardamar. Ina son ƙwallon nan, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don kada ya ɗauka maƙiyin wasa ne ya ɗauki alƙalami.

Wata Asabar, lokacin autanmu yana da wata 7, ya kwana yana kuka saboda haƙori. Ni dai na ji kukan sama-sama, na juya na ci gaba da barcina. Da na dawo daga masallaci na zo ɗaukar takalmi, sai na tarar da ƙafa ɗaya. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan ƙofa, na fara faɗa-faɗa. Can sai mai bi wa babbar, wadda take da shekara 4 a lokacin, ta rarrafa bayan buhun shinkafa ta jawo shi, ta rungume a ƙirji, ta ce, "Abba, ni na ɓoye, don kar ka tafi." Uwarsu na zaune a kan tabarma, jariri a nono, idonta jawur, ga zanin gadon da aka jiƙa da fitsari a gefe yana jiran wanki, ga gawayi bai kama ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa yarinyar, "Ba shi kayansa, kar a fara babu shi." Sannan ta dube ni ta ce, "Yallaɓai, a ci mana biyu."

Na karɓi takalmina na tafi. Gara in faɗi gaskiya, tunda ni na ɗauko zancen. Ban ci ko ɗaya ba ranar.

Da daddare, bayan yara sun kwanta, ta yi mini tambayar da har yau ban gama amsa ta ba. Ta ce, "Tun da na haifi yaron nan, sau nawa ka ga na taka ƙofar gida, in ba asibiti ba, ko suna, ko gaisuwar mutuwa?" Na yi shiru. Washegari na zauna na yi lissafi da biro, kamar mai ƙirga bashi. Asabar daga 6:30 zuwa 10:00, in an haɗa da shayi. Lahadi haka. Yammacin Asabar da na Lahadi, gidan kallo, wasan Firimiya. Daren Talata ko Laraba, in ana gasar Zakarun Turai. Jimilla ta kusa awa 14 a mako, kuma rabinsu ma a zaune nake a kan benci ina kallon wasu suna gudu. Da na zo ɓangarenta, na rasa abin rubutawa.

Ra'ayina a nan shi ne: a gidan da ke da ƙananan yara, duk awar da uba ya yi a fili, wani ne ya biya ta. Yara ba sa tsayawa da buƙata don an busa usur. Kunu sai an dama, kashi sai an wanke, mai kuka sai an goya. Mu maza mun saba ɗaukar motsa jikinmu a matsayin haƙƙin da Allah ya ba mu, mu ɗauki zaman matanmu a gida a matsayin yadda duniya take. Ni ina ganin rance muke ci daga lokacinsu da lafiyarsu, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa tunanin biya ba.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsauri a ƙasarmu, har ya fi na wasu wurare, shi ne rana. A Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya ce zai yi sassarfa da ƙarfe 11 na safe a watan Afrilu, asibiti yake nema. Da yamma ana kasuwa ko ana hanyar dawowa daga aiki, da magariba ta yi kuma an rufe babin. Saboda haka lokacin da jiki zai iya ɗaukar gudu ɗan ƙanƙani ne: daga sallame asuba zuwa wajen ƙarfe 8. Je ka Filin Sukuwa ko filin Mahaha na Ƙofar Na'isa a wannan lokaci, za ka ga yadda maza ke cika wuri. To, wannan ɗan lokacin shi ne daidai lokacin da gida mai yara ke kama da tashar mota. Wannan ya farka yana kuka, wannan yana neman koko, wannan allonsa ya ɓace, ruwan wanka bai yi zafi ba. Awa biyu ce tak mai sanyi a yini, kuma mutum biyu ke buƙatar ta. Ba a taɓa zama an raba ba. Namiji ya sa takalmi ya fita, shi ke nan an yanke hukunci.

Azumi ma haka. Unguwanni da yawa na shirya gasar ƙwallo bayan la'asar, samari da magidanta su yi ta fafatawa har dab da shan ruwa. Abin sha'awa ne, na sha bugawa. Amma a daidai wannan lokacin, wadda ita ma azumin take yi tana tsaye a gaban kasko tana suyar ƙosai, da goyo a baya, yara biyu na jan zaninta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato irin tafiya da sauri da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga. Ba ta ware mata ba. Ta ma ambaci masu juna biyu da waɗanda suka haihu, ta ce su ma minti 150 ɗin ne, muddin likita bai ga wata matsala ba. Minti 150 rabin awa ne sau biyar a mako. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa kaiwa wannan mizani, kuma mata sun fi yawa: kashi 34, maza kashi 29. Hawan jini da ciwon suga ba sa tambayar jinsi. Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa layin masu hawan jini a asibitin gwamnati ya san su waye suka fi cika benci.

Akwai amsar da muke bayarwa da sauri: bari yara su ɗan tasa, sai ta samu sarari. Mu yi lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6. A ce shida ne ma. Kowane yaro wata 9 a ciki, sannan wata 18 zuwa shekara 2 a nono. In ka haɗa, mace za ta yi tsakanin shekara 13 zuwa 16 tana cikin ciki ko goyo, kusan ba hutu. Wadda aka aurar tana da shekara 20, ranar da za ta sauke goyon ƙarshe ta doshi 40, gwiwa ta fara ƙara, baya ya riƙe, ƙiba ta zauna. A lokacin ne kuma za ka ji maigida, wanda ya yi shekara 16 yana atisaye da lokacinta, yana ƙorafi a majalisa cewa uwargida ta saki jikinta. Wasu ma da wannan hujjar suke ƙaro aure. Ban san rashin adalcin da ya fi wannan fitowa fili ba.

Na san abin da abokaina na fili za su ce, don sun faɗa mini a gaban mai shayi. Na farko: ai aikin gida ma motsa jiki ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kakata ta yi daka, ta yi surfe, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga a rijiya mai gaba goma sha, ta ɗauko itace daga daji. Har ta tsufa ba ta san maganin hawan jini ba. Matan karkara da yawa har gobe haka suke, kuma su hutu suke buƙata, babu mai hankalin da zai ce su ƙara da tsallen igiya. Amma matar birni fa? Niƙa ya koma inji, ruwa mai kura ke kawowa, unguwa a adaidaita sahu ake zuwa. Abin da ya rage mata aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya gina jiki: tsayuwa, sunkuyo, durƙuso, ɗaukar yaro a ƙugu ɗaya, zama a kujera 'yar tsugunno ana wanke-wanke. Mace za ta wuni a haka ta kwanta a gajiye tiɓis, alhali zuciyarta ba ta yi bugun minti goma na wanda ya yi tafiya da sauri ba. Sannan akwai abin da ƙwallo ke ba ni wanda wanki ba zai taɓa ba ta ba: awa biyu da babu mai kiran sunana, babu mai neman komai a wurina, sai dariya da abokai. Rabin amfanin fili ke nan, in za mu faɗi gaskiya.

Na biyu ya fi nauyi: kunya da addini. Wai matar aure ta fita tana tafiya da sauri a titi, me mutane za su ce? Ban raina wannan damuwar ba, kuma ba na cikin masu cewa a kwaso tsarin wasu ƙasashe a dasa mana. Sutura tana nan, mutunci yana nan. Amma in addini za a kawo, a kawo shi duka. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan wani lokaci, da ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Miji da mata, gudu da ƙafa, har sau biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito yana sallah ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Duk ɗalibin Islamiyya ya san waɗannan hadisai. Muna karanta su a wa'azin aure, mu yi murmushi, mu naɗe littafi. In wani ya ɗauki ɗansa a kafaɗa don matarsa ta samu rabin awa, sai a ce mijin-ta-ce ne. Wannan kunyar tamu ce, mu muka ƙirƙire ta, kada mu jingina ta inda ba ta da asali.

Al'adarmu ma, in aka duba, ba ta hana 'ya mace motsi ba. Gaɗa a dandali da farin wata, 'yar gala-gala, carafke, tsallen igiya, duk 'yan mata ne. Aure ne ke zuwa ya yanke abin kamar da wuƙa. Kuma mun iya kula da mai jego, a namu salon: kwana 40 ana wankan ruwan zafi, ana kunun kanwa, ana gasa nama. (Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka nuna alaƙar yawan kanwa da zafin gadon jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, amma wannan zance ne na wata rana.) Da an yi arba'in, tsohuwa ta tattara kayanta ta koma, sai kowa ya manta mai jego na da jiki. Babu mai tambayar bayanta, babu mai tambayar cikinta da ya saki. Sai dai a tambayi yaro.

Akwai kuma masu ra'ayin da ke can ɗaya gefen, mafi yawa mata, da ke cewa magidanci mai 'ya'ya uku me ya haɗa shi da gajeren wando, ya girma ya bari. Da su ma ban yarda ba. Na ga abin da ke faruwa da abokan da suka ajiye takalmi: shekara biyu, tumbi ya rufe mazagi, ga kwalin magani a aljihu. Kuma ba gida suka koma ba, majalisa suka koma. Uban da ya faɗi yana da shekara 48 bai taimaki kowa ba. A bar maza su buga. Abin da nake cewa a taɓa shi ne rabon. In ma akwai abin yankewa, a fara da benci. Awa biyu na bugawa lafiya ce, awa bakwai na kallo nishaɗi ne, kuma Arsenal za ta yi abin da za ta yi ko kana gidan kallo ko ba ka nan.

Wani abin da ya buɗe mini ido shi ne labarin manyan 'yan wasa mata. Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika ta haihu a 2017 ta hanyar tiyata, ta dawo ta lashe tseren mita 100 na duniya a Doha a 2019 cikin daƙiƙa 10.71, ta zagaya fili da ɗanta a hannu. Faith Kipyegon ta Kenya ta ci zinare a mita 1,500 a Rio a 2016, ta haihu a 2018, ta sake cin zinare a Tokyo, ta ƙara a Paris a 2024. Nada Hafez ta Masar ta yi wasan takobi a Paris da cikin wata 7. Allyson Felix ta Amurka, bayan haihuwarta a 2018, ta fito fili ta yi magana a kan yadda kamfanonin da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa ke rage wa mata kuɗi in sun haihu, kuma tana cikin waɗanda suka tsaya har aka buɗe ɗakin renon yara a ƙauyen 'yan wasan Olamfik a Paris, karo na farko a tarihin gasar. FIFA ma sai a 2021 dokarta ta hutun haihuwa na aƙalla mako 14 ta fara aiki. Ban kawo su don in ce matanmu su nufi Olamfik ba. Abin da na lura da shi shi ne tambayar da 'yan jarida ke yi wa kowacce: wa ke riƙe miki yaro? Eliud Kipchoge na Kenya, gwarzon gudun famfalaki, yana da 'ya'ya uku, kuma shekara da shekaru a sansanin atisaye na Kaptagat yake kwana a ranakun mako, iyalinsa na Eldoret. Ana yaba masa da juriya da ƙanƙan da kai, kuma ya cancanta. Amma wannan tambayar ba ta dame shi ba, don kowa ya riga ya san amsar. Haka 'yan dambenmu da 'yan kokawa, da kaka ta yi su bar gida su bi gari-gari. Makaɗi na kiran sunan ɗan dambe da na ubansa da na garinsu. Wadda ke gida da yaransa ba ta shiga kirari.

Mu dawo gidana. Bayan wancan lissafin muka yi yarjejeniya, ba tare da wani dogon zama ba. Asabar tawa, Lahadi tata. Ita da maƙwabciyarta da wata ƙanwar babanta da likita ya ce ta rage nauyi, sukan sa hijabi da kambas su shiga harabar wata firamare mai katanga a bayan layinmu, su zagaya filin sau goma sha, su dawo. Mai gadin ya san su. Babu wanda ya taɓa ce musu uffan, ban da wani dattijo da ya tambaya ko wani abu suka yar suke nema.

Lahadin farko da aka bar ni da yara uku, na ɗauka wasa ne. Minti biyar da fitarta autan ya farka. Na ɗauke shi, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya buɗe maƙogwaro. Na ɗora ruwan koko da hannu ɗaya, na zuba gasarar kafin ruwan ya tafasa, ya tsinke ya zama tsululu. Mai shekara 4 ta ce ita ba za ta sha ba, ba haka Umma ke yi ba. Ina cikin rarrashinta na ji ɗumi a hannun rigata. Na kwantar da shi zan canza masa, na rasa inda ake ajiye famfas, a gidan da ni nake biyan kuɗin haya, kuma ni nake sayo famfas ɗin. Babbar, mai shekara 8, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona da tausayi. Ta ce, "Abba, kawo shi." Ta ɗauki zani ta sunkuya, ta cilla shi baya, ta ɗaure, ta sa majanyi, ta fara jijjiga. Ko minti biyu ba a yi ba ya yi shiru.

Da farko daɗi na ji. Daga baya abin ya tsaya mini a rai. Yarinya mai shekara 8 ta iya goyo haka, yaushe ta koya? A safiyoyin da nake fili ta koya. Ashe ba uwar kaɗai ke biyan kuɗin ƙwallona ba. A da, a babban gida, akwai kaka, akwai faccaloli, akwai 'yan uwa birjik, yaro na wucewa daga hannu zuwa hannu ba a ma lura. Yanzu da yawanmu muna ciki da falo na haya, nesa da dangi, daga miji sai mata sai yara. Hannun da ya ragu, babbar 'ya ce ke cike gurbinsa. Hukumar Lafiyar nan ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla awa ɗaya ta wasan motsa jiki kullum. Ƙaninta namiji, in ya tasa, zai samu tasa a layi da ƙwallon leda. Ita kuwa tana tsakar gida da goyo, tana koyon zaman da uwarta ke yi. Na karɓe shi daga bayanta na ce ta je ta yi wasanta. Ya ci gaba da kuka, na saɓa shi a kafaɗa na yi ta zagaya tsakar gida ina waƙar da ban san ƙarshenta ba, har uwarsa ta dawo. Ta shigo da gumi a goshi, tana haki, tana dariyar wani abu da suka tattauna a hanya. Na daɗe ban ga fuskarta haka ba. Ta leƙa tukunyar koko, ta dube ni, ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Akwai Lahadin da ake wasan sada zumunta da wata unguwa, in roƙe ta ta bar mini, wani lokaci ta bari, wani lokaci ta ce a'a. Abokai sun yi mini ba'a har sun gaji, suna tambaya ko an ba ni izinin fitowa. Mahaifiyata da ta ji labari ta kira ni ta ce, "Kai yanzu raino ka koma?" Na ce, "Hajiya, 'ya'yana ne ai." Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ƙafafunta na damun ta, ko za su riƙa biyo mata.

Ranar Asabar kuma na fara tafiya da manyan biyun. Ina shimfiɗa musu ɗankwali a gindin darbejiya, da gorar ruwa da ƙosai a leda. Minti goma suke zama. Kafin hutun rabin lokaci sun haɗu da 'ya'yan wasu, an fara langa da tsere a bayan raga. Da ɗaya ya fara kawo nasa, sai wasu suka biyo, yanzu akwai Asabar ɗin da yaran suka fi mu yawa. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ai sai ɗan ya ga gudun. Yaron da bai san komai game da wasan ubansa ba sai ƙarar babur da asuba da takalmi mai wari a bayan ƙofa, me zai gada? Ga shi kuma gida ya yi wa uwar sauƙi na awa uku, daga ita sai jariri, har takan koma barci.

Akwai rabon hukuma a wannan magana, ko da yake ba na so mu fake da shi. Filayen unguwa da muka taso muna wasa a cikinsu, da yawa sun zama shaguna da filoti. Wanda ya rage, samari sun mamaye, kuma ba wurin da matar aure za ta shiga ba ne. Gidajen motsa jiki na kuɗi, masu ɓangaren mata, suna unguwannin masu hali, kuɗin wata ɗaya ya isa cefanen mako. Alhali kusan kowace unguwa na da firamare ko sakandaren gwamnati mai katanga da fili, a kulle daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. Me zai hana ƙaramar hukuma da mai unguwa da kwamitin iyaye su ware awa biyu na safiyar Asabar da Lahadi don mata da ƙananan yara, a sa mace mai kula da ƙofa? Ba a buƙatar kwangila, ba a buƙatar yanke kyalle. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda suka riga suka samu amincewar mazaje, su ma za su iya ƙara rabin awa na tattaki a harabarsu kafin a tashi. Malaman da ke hawa mumbari su yi huɗuba guda a kan tseren Nana A'isha, su faɗe shi a matsayin abin koyi. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Mataki ne mai kyau, sai dai ina da abokin da ya karɓi nasa ya ce bai taɓa samun atisaye mai kyau irin na makon nan biyu ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ranar tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga sai ƙarfe 10, don haka ba ma fita fili. A irin wannan ranar ne, watan jiya, na fito tsakar gida na tarar an ja layi da gawayi daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure. Babbar ce alƙali. Wai za a yi tsere, Abba da Umma, wanda ya faɗi shi zai yi wanke-wanke. Na ce tsakar gidan ta yi kaɗan, taku goma sha biyu ne duka. Uwarsu ta ɗaure zani ta gyara ɗankwali ta ce, "Yallaɓai, tsoro kake ji?" Autan, wanda yanzu yake tafiya, ya riga ya tsaya a tsakiyar hanya da takalmin ƙwallona ƙafa ɗaya a hannu, sai da aka ɗauke shi aka ɗora a kan turmi. Aka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Santsin ruwan wanki ya kwashe ni a taku na huɗu, kuma alƙali ta ƙi sauraron ƙorafi. Kwanukan daren jiya ne, har da tukunyar tuwo.